Rasuwar Bahaguwa, Wadda Lafiya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama wanda har yau bai daina danne iska ba, Mai Awo na ofishin awon filaye yake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan aiki, da duk wanda ya taɓa matsa masa hon daga baya, rasuwar motarsa, wadda aka fi sani da Bahaguwa. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a kwanar layinsu, a jikin ginshiƙin tankin ruwan unguwa, tana da shekara talatin da ɗaya a duniya, goma sha tara daga ciki a hannunsa.

Ta rasu cikin cikakkiyar lafiya. Wannan shi ne abin da ya fi ci wa mai makoki rai, kuma shi ya sa sanarwar nan ta ɗan fi irinta tsawo. Akwai waɗanda suka ba ta lafiyar, kuma ya san gidajensu.

Marigayiya mota ce mai kunya. Ba ta taɓa tashi a murɗa makulli na farko ba, sai an sake roƙonta. Shuɗiya ce a takardunta, amma rana da shekaru sun mai da ita wani launi da babu mai fentin da ya san sunansa. Ta ɗauki sandunan awo, da igiya, da turakun siminti, da maƙwabta masu naƙuda har uku, kuma duka ukun a asibiti suka sauka, ba a kujerar baya ba. Ba ta taɓa yar da mai ita a daji ba. Duk ciwon da ya taso mata sai ta daure ta kawo shi ƙofar gida, ko aƙalla inda mutanen layi za su hango su fito su tura.

Sunan Bahaguwa ba zagi ba ne, hali ne. Tun ranar da ya saye ta, in ya sassauta hannu a miƙaƙƙen titi, sai ta soma zarcewa hagu a hankali, kamar wadda ta hango ƙawarta a tsallake. Ban da wannan, sitiyarinta sako-sako yake: sai an juya shi kamar taƙi guda kafin tayoyin gaba su samu labari. Saboda haka mutumin da sana'arsa ita ce ja wa jama'a miƙaƙƙen layi tsakanin filayensu ya yi shekara goma sha tara bai tafi a miƙe ba sai da dabara. Hannun dama kullum yana danne da sitiyari, kaɗan dai, kamar mai tare ƙofar da iska ke son bugawa. In zai sha kwana kuwa, tun da saura gida guda yake soma juyawa. Kwanar layinsu daga ƙofar shagon tela yake fara ta. Kafin saƙo ya isa wurin taya, an iso kwanar daidai. Sau biyu a rana, wani lokaci sau huɗu, bai taɓa kuskure ba. A riƙe wannan, domin akwai masu ja.

Ba ta kasance mai ɓoye ciwo ba. In ta taka rami sai ta ce ƙwas-ƙwas daga ƙasan hagu. In aka murɗe sitiyarin har ƙarshe wajen fakin, sai ta ce wiiii, da siririyar murya irin ta wadda aka taka wa yatsa amma ba ta son tayar da magana. Da safe, kafin jikinta ya yi ɗumi, gur-gur-gur. Mai Awo ya san ma'anar kowanne, kuma ba ya kunna rediyo sai sun gama gaisawa.

Likitanta na tsawon rai wani tsohon bakanike ne da ake kira Mai Guduma, wanda garejinsa inuwar bishiya ce da benci ɗaya. Shi ya gano ciwon tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba tare da wata na'ura ba. Ya ɗaga gabanta da jak, ya kama tayar hagu da hannu biyu, ya girgiza ta gefe da gefe, ta amsa ƙwas. Ya ce tayarod ne, wato sandar da ke kai wa taya saƙon sitiyari, kanta ya cinye. Ya shafa tayar daga ciki ya nuna wa mai ita yadda gefe guda ya sule kamar tafin hannu alhali ɗaya gefen da sauransa. Ya kwanta ya leƙa ƙasa, man sitiyari ya ɗigo masa a goshi. Daga nan ya sauke jak, ya goge goshin, ya tambayi Mai Awo ko tafiyar tana damunsa. Mai Awo ya ce ai sun saba. Tsohon ya ce to shi kenan, a riƙa ƙara mata mai, kuma kada a kuskura a ba kowa aro.

Gaskiya ta tilasta wa mai makoki ya ƙara da cewa tsohon ya kuma ce a kawo ta bayan damina a canza sandar. Damina goma sha ɗaya ta wuce, kowacce da bayanta. Wannan laifin nasa ne, ya ɗauka. Ƙarami ne, ya shiga aljihu.

Ta rasu ta bar maiɗakin Mai Awo, wadda a cikinta ta koyi tuƙi, kuma har gobe duk motar da ta hau sai madubin dama ya ji a jikinsa. Ta bar babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda sai a zama na uku ta ci jarrabawar lasin, saboda motar masu jarrabawar ba ta da kawaici, ana juyawa tana juyawa. Ta bar ƙaninsa, wanda ya taɓa karɓarta aro ba da izini ba, ya dawo da ita bayan minti goma ya ajiye makulli, kuma tun ranar yake girmama yayansa. Ta bar tayar safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar wata kyanwa da ke kwana a kan bonet, yanzu tana yawo a tsakar gida tana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar ta san wani abu. Ta bar baƙin tabon mai a kan simintin ƙofar gida, wanda mai makoki ya hana a wanke.

Ta kuma bar suruki.

Mijin babbar 'yar ke nan. Ana ce masa Injiniya, ko da yake injiniyancin nasa bai wuce na'urar sanyaya ɗaki ba. Yaro ne mai ladabi, irin ladabin da ke hana mutum samun inda zai kama. Sai ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya karɓi jakar Baba, ya tambayi ƙafar Baba, wadda ba ta taɓa ciwo ba sai da ya soma tambaya. Sau ɗaya tak ya zauna a kujerar gaban Bahaguwa, Mai Awo na tuƙi. Tun daga gida har kasuwa yana riƙe da hannun ƙofa, yana cewa Baba, motar nan fa kamar tana ja, Baba, kun ji wannan ƙarar kuwa? Mai Awo ya ce ya ji, gaishe shi take yi, ya amsa mana. Tun daga ranar, in ji 'yar, Injiniya ya duƙufa kallon bidiyon gyaran mota a waya, har ya iya bambanta ƙarar gaba da ta baya a motar da ba tasa ba.

Jinyar ƙarshe ta kwana uku ce, kuma mai makoki ba ya gari. Ofis ya tura shi awon wani fili da magada tara ke hararar juna a kai, a motar ofis. Ya bar makulli a ƙusar bayan ƙofa, inda ya saba kwana. Ranar Laraba Injiniya ya zo ya durƙusa gaban surukarsa, ya ce Mama, ba-zata za a yi wa Baba. Maiɗakin, wadda ta san halin motar nan fiye da kowa in ban da mutum ɗaya, ta cire makullin ta miƙa da hannunta. Mai makoki ba zai ce komai a kanta a nan ba, domin gida ɗaya suke, kuma akwai wani abu nasa a jakarta wanda za a zo kansa.

Ba wurin Mai Guduma aka kai ta ba. Wani sabon gareji aka kai ta, mai tayil a ƙasa, ma'aikatansa da riga iri ɗaya, mai wurin kuma ana kiransa Mai Na'ura. Aka ɗora ta kan ƙarfe aka ɗaga ta sama, dattijuwa mai shekara talatin da ɗaya, kowa ya shiga ƙarƙashinta da tocila. Aka maƙala wa tayoyinta wasu faifai, allo ya cika da jan layi. Na'urar ta faɗi abin da Mai Guduma ya faɗa da tafin hannu shekara goma sha ɗaya baya, sai dai ita da launi ta faɗa. Suka canza tayarod hagu da dama. Suka toshe inda mai ke ɗiga. Suka sa mata sabbin tayoyin gaba, suka yi ta daidaita ƙafafunta har jan layin ya koma kore.

Mai makoki yana so a shaida cewa aikin ya yi kyau. Ya kwana ya tashi yana neman aibinsa, bai samu ba. Aibinsa ɗaya ne: babu wanda ya gaya wa direban.

Ya dawo ranar Juma'a da yamma, a gajiye, ya ga motarsa a waje jikin katanga, hancinta na kallon titi, an wanke ta. Bai kawo komai a ransa ba. Washegari da hantsi aka ce gas ya ƙare, ya daure ya je ya ciko tukunya. Ya kamata ya yi zargi, domin gidan cike yake. 'Yar tana nan, mijinta yana nan, ƙaninsa yana nan, duk sun fito ƙofar gida sun jeru suna murmushi, Injiniya ya ɗaga waya yana ɗauka. Mai Awo ya zaci sabuwar hularsa ce ta jawo haka, har ya ɗan gyara mata zama.

Ta tashi a murɗawa ta biyu, kamar kullum, don nan ba a taɓa ba. Gida biyar ne tsakanin ƙofarsa da kwana. A gida na biyu ta taka ramin da ta saba takawa, ba ta ce ƙwas ba. Ya lura. Ya ɗauka fushi take yi don ya bar ta kwana uku, ya ƙudurta zai lallashe ta a hanya. A gida na uku ya ji tana ɗan matsawa dama, ya ce a ransa lallai fushin babba ne. Ya iso ƙofar tela. Ya juya taƙinsa guda, wanda ya saba bayarwa kyauta kafin a soma maganar gaske.

A karo na farko cikin shekara goma sha tara, ta yi abin da aka ce, a lokacin da aka ce.

Garam. Sai kuma tsssss, daga lagireto. Waɗannan su ne kalmominta na ƙarshe.

Gudun bai kai na keke ba, amma tsatsa ta daɗe da cinye ƙashin gabanta, ginshiƙin ya shige har wurin inji. Tela ya fito da almakashi a hannu. Mai Awo ya fito ko ƙwarzane babu, sai dai hula a ƙasa, cikin ruwan lagireto. Mai Na'ura ya zo ya duba ya ce wannan sai haƙuri, amma ya nuna wa jama'a cewa sabbin tayarod ɗinsa ko gezau ba su yi ba. Aka aika wa Mai Guduma. Ya zo ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa bonet, ya tambaya wa aka ba aro. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi.

Da a nan abin ya tsaya, da mai makoki ya yi kukansa a ɗaki ya fito. Amma akwai bidiyo. Abin da bidiyon ke nunawa shi ne wani dattijo, a titin da babu kowa, da rana tsaka, ya bar hanya ya nufi ginshiƙi kamar wanda aka aika. Kafin azahar dangi na nesa sun gani. Kafin la'asar an zauna a falo, ba tare da an tambayi maigidan ko ya ba da falon ba, aka yanke cewa Baba ya soma gajiya, ko ido ne, ko hannu. Lasinsa ya tashi daga aljihunsa ya koma jakar maiɗakinsa, cikin zif na ciki. 'Yar ta kai shi wurin likitan ido, aka ba shi tabarau. Ya yarda yanzu yana ganin ginshiƙin tar, har da tsagar da ya yi masa. Amma ranar ma ya gan shi. Shekara goma sha tara yana ganinsa. Shi da kansa ya auna wurin da aka kafa shi.

Injiniya kuma ya ɗauki nauyin kai Baba ofis kowace safiya. Kwana huɗu ke nan. Yana buɗe masa ƙofa, ya miƙo masa bel, ya tambaya ko sanyin ya yi yawa. A ƙofar ofis sai ya ce Baba, ƙarfe nawa zan dawo? Mutum mai shekara hamsin da shida, wanda ya raba rigimar filaye fiye da gashin da ya rage a kansa, ana sauke shi ana ɗaukarsa kamar ɗan firamare. Jiya masinjan ofis ya tambaye shi ko an saka masa abin karin kumallo a jaka.

Mai makoki ba ya riƙe mutum a zuci. A takarda yake riƙewa. Ya yafe wa ginshiƙi, domin yana inda aka ajiye shi. Ya yafe wa tela, wanda ya koma cikin shago ya rufe ƙofa kafin ya yi dariyar, ko da yake an ji. Ya yafe wa ƙaninsa rabi. Mai Na'ura kuwa, fatan da ake masa shi ne Allah ya haɗa shi da motar da allonsa zai nuna kore ita kuma tana ja hagu, mai ita kuma lauya. Injiniya, Allah ya ba shi tsawon rai da 'ya mace, ya ba 'yar miji mai ladabi, mai waya, mai son yi wa surukinsa ba-zata. An kuma ji cewa Injiniyan yana neman fili a bayan gari. Mai Awo ya yi alkawarin zai auna masa da hannunsa, ya ja masa layi miƙaƙƙe wanda babu na'urar da za ta samu aibinsa. In akwai wani abu game da filin da ya kamata mai saye ya sani, kamar inda ruwa ke bi da damina, to wannan zai zama ba-zata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe. Za a tashi daga ƙofar gida, a bi ta kwanar tanki, a zagaya shataletale, a hau tudu zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa, tafiyar kilomita biyu da ɗan ɗori. An kawo shawarar a kira janwe, mai makoki ya ƙi. Wadda ta yi shekara goma sha tara tana ɗaukar mutane ba za a ja ta da ƙugiya kamar mai laifi ba. Da hannu za a tura ta.

Mai Guduma ya riga ya shirya gawar. Ya daki bamba ya raba ta da taya, ya tabbatar ƙafafun huɗu suna juyawa. Ya kuma samu tsofaffin tayarod ɗinta a but, a cikin leda, inda mutanen sabon gareji suka ajiye su don nuna gaskiyarsu. Ya cire sabbin ya mayar mata da nata, domin a kai ta da gaɓoɓinta. Da ya sauke jak ta ce ƙwas. Mai makoki ya ɗan shiga gida.

Mai makokin ne zai riƙe sitiyari. An yi yarjejeniya da maiɗakinsa a gaban tela da ƙaninsa: in ya sha kwanar tanki, ya zagaya shataletale, ya shigar da ita ƙofar filin ƙarafa, wadda faɗinta bai fi na motar da taƙi biyu ba, ba tare da ya taɓa komai ba, to a nan take za a zuge zif a ba shi lasinsa. In ya taɓa ko da ganye ne, zai ci gaba da zama a gefen Injiniya, da bel, har ranar ritaya. Maiɗakin za ta biyo ayari da jakar a kafaɗa. Mai makoki ya san wannan jarrabawa ba za ta nuna komai ba illa cewa ya iya tuƙa motar da daga ranar babu ita a duniya. Ana roƙon duk wanda ya gane haka ya riƙe bakinsa sai bayan an zuge zif. Ita maiɗakin ba za ta gani a nan ba. Rabon da ta karanta abin da ya rubuta har ƙarshe tun suna saurayi da budurwa.

An keɓe wa Injiniya tsakiyar but, matsayin babban mai turawa, saboda kusancinsa da marigayiya a kwanakinta na ƙarshe. An aika wa Mai Na'ura takardar gayyata, an ba shi gefen hagu, ya zo da rigar aiki. Tela zai riƙe waya ya ɗauki bidiyo, daga baya, a kuma tura wa dangin da suka ga na farko. Masu ta'aziyya su zo da takalmi mai igiya. Za a ba da ruwa a saman tudu, ba a ƙasa ba. Ba za a karɓi shawara ba.

In masu turawa suka ji gawar ta ƙara nauyi a tsakiyar hawa, kada su yi mamaki, kada kuma su tsaya bincike. Birkin hannun marigayiya yana dab da kujerar mai makoki, kuma mutumin da ke cikin baƙin ciki dole ya samu abin da zai riƙe.